Kiɗa da Waƙa: Kirari Ya Yi Yawa, Amma Ina Fagen?

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta daɗe tana haɗa iyaye da 'ya'yansu musu a gidajenmu na zango, wato waƙar nan ta hip-hop, wadda wasu ke kira gambarar zamani. Duk inda mutum ya bi ita ce ke tashi, ko a shagon aski, ko a motar haya, ko a wayar yaron da aka aika sayen koko. Dattawa na cewa hayaniya ce kawai, samari kuwa na cewa zamani ne ya bar dattawa a baya. A namu ganin, kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya. Waƙar tana da asali mai daraja, amma akwai abin da ta yar a kan hanya. Kafin mu faɗi ko mene ne, sai mun waiwaya mun ga inda ta fito.

An yanke wa hip-hop cibiya ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok, a ƙasar Amurka. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a zauren gidan hayar da suke zaune, mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. 'Yan mata suka biya santi 25, samari suka biya santi 50. Wanda ya saka kiɗa shi ne wanta, Clive Campbell, haifaffen Jamaika, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc. Shi ne ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kaɗai. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora a kan garmaho biyu, in gaɓar gangunan ta ƙare a wannan sai ya tayar da ita a wancan. A kan wannan kiɗa ne samari suka fara riƙe makirfo suna jera magana mai amsa-amo.

A lokacin Bronx unguwar talakawa ce, galibinsu baƙar fata da mutanen tsibiran Karibiyan. Gidaje na ta ƙonewa, masana'antu sun tashi, ita kanta hukumar birnin saura ƙiris ta tsiyace a 1975. Yaran ba su da kuɗin shiga manyan gidajen rawa, saboda haka suka riƙa fitar da lasifikoki filin unguwa suna jan wuta daga fitilun titi. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya ɗauki makirfo a gaban maƙwabtansa yake tsaye. Sun san uwarsa, sun san ɗakin da yake kwana. In ya yi ƙarya a yi masa ihu, in ya yi sanyi a karɓe makirfon a miƙa wa wani. A watan Disamba na 1981, a wani gidan rawa na unguwar Harlem, Kool Moe Dee ya hau dandamali ya ƙalubalanci Busy Bee ido da ido, ya nuna wa jama'a cewa surutun tayar da 'yan rawa daban, iya tsara magana daban. Kaset ɗin wannan karawa ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kuma har yau masana na lissafa daren cikin ranakun da suka sauya waƙar.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san ɗan dambe kan fito ya yi kirari, ya ce shi ne wane, ya kashe wane a gari kaza. Ba mai jin haushinsa, domin kowa ya san da ya rufe baki zai shiga fage, ga abokin karawa, ga 'yan kallo. Ɗan Anace bai wasa Shago a banza ba, sai da mutane suka ga hannun Shago da idonsu. Kirari yana da daɗin ji ne saboda akwai fagen da za a gwada shi. To, wannan fage shi ne abin da hip-hop ta rasa a yau. Mawaƙa da yawa ba su da wasu mutane na zahiri da za su tsaya a gabansu su amsa tambaya.

Daga wancan fage ne waƙar ta samu nauyinta. Mutumin da ya san maƙwabtansa ne alƙalansa, dole ya faɗi abin da ke damun su. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da waƙar "The Message", mai tsawon minti 7, wadda ta bi rayuwar talakan birni daki-daki, tun daga bashi da rashin aiki har zuwa kurkuku. A 1989 Public Enemy suka yi "Fight the Power", kuma jagoransu Chuck D ya sha kwatanta rap da gidan talabijin ɗin labarai na baƙar fatar Amurka. 'Yan ƙungiyar N.W.A na garin Compton sun yi ta kuka da zaluncin 'yan sanda tun ƙarshen shekarun 1980, aka ce tsagera ne kawai, sai ga birnin Los Anjalis ya kama da wuta a 1992 bayan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauki hotonsu suna jibgar Rodney King. A 1994 Nas, yana ɗan shekara 20, ya fitar da kundin "Illmatic", wanda in ka saurara sai ka ji kamar ka taɓa kwana a rukunin gidajen Queensbridge.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa zamanin da duk alheri ne. Alfahari da kuɗi yana cikin waƙar tun "Rapper's Delight" ta 1979, wadda ita ce ta fara kai ta gidajen rediyon duniya. Cin mutuncin mata ma tsohon ciwo ne. A zamanin da ake yabo ne aka harbe Tupac Shakur a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997 yana da 24. Amma a wancan lokaci kasuwar na da faɗi. Mai wa'azi da mai barkwanci da mai labarin daba da mai waƙar soyayya duk suna da rumfarsu, kuma rediyo ɗaya kan saka su duka.

Me ya sauya? Abu na farko doka ce. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar sadarwa wadda ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin Amurka. Kamfanin Clear Channel, wanda ke da tashoshi kimanin 40 kafin dokar, ya wayi gari da fiye da 1,200 cikin 'yan shekaru. Da can mai gabatar da shiri a kowane gari shi ke zaɓen abin da zai saka, kuma yakan ba yaran garinsu dama. Bayan haka sai jerin waƙoƙi ya koma fitowa daga ofis guda, ana aika wa garuruwa. Abin da ya fi saurin sayuwa shi ya rage, saura aka ture su gefe. Shekara 10 da yin dokar, a 2006, Nas ya sa wa kundinsa suna "Hip Hop Is Dead", wato hip-hop ta mutu, aka yi ta cece-kuce.

Abu na biyu shi ne wayar hannu. Yanzu mafi yawan mutane ba sa sayen faifai ko kaset, ta intanet suke saurare. A dandalin Spotify, da zarar an saurari waƙa na daƙiƙa 30 an ƙirga ta, kuma da wannan ƙirge ake raba kuɗi. Waƙar minti 2 da ta minti 7 ladansu ɗaya, sai dai gajerar za a iya maimaita ta sau uku kafin doguwar ta ƙare. Ga kuma TikTok, inda 'yan daƙiƙoƙi kawai ake yanka daga waƙa a yi rawa da su. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Mawaƙa suka rage baiti, suka jawo amshi gaba, suka bar dogon labari, tunda labari yana bukatar mai haƙurin ji har ƙarshe. Waƙar "Old Town Road" ta Lil Nas X, wadda ta yi mako 19 tana kan gaba a jadawalin mujallar Billboard a 2019, asalinta ba ta kai minti 2 ba. Kiɗan kuma dala 30 ya saye shi ta intanet daga wani saurayi ɗan ƙasar Holan da bai taɓa gani ba a lokacin.

Ba laifi ba ne yaro ya samu hanya mai sauƙi, kuma muna murna da cewa talaka ba ya bukatar roƙon wani kamfani kafin a ji muryarsa. Amma a duba abin da ya faɗi a tsakani. Yau yaro zai iya naɗar waƙa a ɗakinsa, ya saka ta a intanet, mutum miliyan su ji, kamfani ya kira shi da kwantaragi, alhali bai taɓa tsayawa gaban mutum 50 ya riƙe hankalinsu na minti 10 ba. Shi ya sa ake zuwa wasan wasu manyan mawaƙa a tarar faifan ne ke waƙar, shi gogan tsalle kawai yake yi yana jefa kalma ɗaya-ɗaya. Alƙalinsa lamba ce a fuskar waya, ita kuwa lamba ba ta san ƙarya ba, ba ta kuma jin kunya. Mai motar aro da sarƙar aro zai ce shi attajiri ne, wanda bai taɓa kwana ofishin 'yan sanda ba zai ce shi gawurtaccen ɗan daba ne, babu wanda zai ɗaga murya daga bayan taro ya ce, "Kai, mun san ka!"

Rashin fage ya kuma haifar da kamanni. A da in ka ji kiɗa kana iya cewa wannan na Niyok ne, wancan na Atlanta, wancan na Kalifoniya, kamar yadda kunnen Bahaushe ke rarrabe kalangu da kotso. Yanzu salon da ake kira drill, wanda ya tashi a Shikago wajen 2012, ya bi ta Landan ya koma Brooklyn, ya iso har Kumasi inda ake ce masa asakaa. Ganga ɗaya ce, sau da yawa har maganar ma ɗaya ce, harshe kawai aka sauya.

Mafi muni, inda aka rasa fagen baki sai aka koma na bindiga. Gabar da a da za a kashe ta da baiti a gaban jama'a, yanzu a intanet ake hura ta dare da rana, mabiya na zuga, har ta kai ga jini. An harbe XXXTentacion a 2018 yana da shekara 20. An harbe Nipsey Hussle a 2019 a ƙofar shagonsa. Pop Smoke da King Von sun tafi a 2020, Young Dolph a 2021, Takeoff na ƙungiyar Migos a 2022. Dalilan kisan sun bambanta, wani fashi ne, wani gaba, wani tsautsayi, amma jerin ya yi tsawon da ya isa a tsaya a yi tunani. Ƙwaya ma ta ɗauki nata rabon: Lil Peep a 2017, Mac Miller a 2018, Juice WRLD a 2019, ba wanda ya kai shekara 27 a cikinsu. Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, domin ruwan maganin tari mai kodin da ake yi wa waƙa a Amurka shi ne wanda Nijeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, kuma ba sai an gaya wa mazaunin zango ɓarnar da tiramadol ya yi wa samarinmu ba. A birnin Atlanta kuwa, a shari'ar Young Thug da aka kama a 2022, alƙali ya yarda masu gabatar da ƙara su karanta baitocinsa a matsayin shaida. Kirarin da ba a gwada a fage ba, ga shi ana gwada shi a gaban alƙali.

Ita kanta kasuwa ta fara nuna gajiya. A 2017 hip-hop, haɗe da 'yar'uwarta R&B, ta ture kiɗan rock ta zama wadda aka fi saurare a Amurka. Amma a 2023, shekarar da aka yi bikin cikarta 50, sai da aka shiga watan Yuli kafin wani kundin rap ya hau kan gaba a jadawalin Billboard. A watan Oktoba na 2025 kuma aka wayi gari babu waƙar rap ko ɗaya a cikin 40 na farko, abin da rabon a gani tun 1990. Gaskiya ne sauya ƙa'idar lissafi da mujallar ta yi ya taimaka, amma ruwa ba ya tsami banza.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa ta mutu. Masu gwaninta suna nan. Kendrick Lamar ya karɓi kyautar Pulitzer a 2018, karo na farko da aka ba mawaƙin rap, kuma masu zanga-zangar neman haƙƙin baƙar fata sun riƙa rera waƙarsa "Alright" a kan tituna. Little Simz, 'yar asalin Nijeriya haifaffiyar Landan, ta ci kyautar Mercury ta Ingila a 2022. Killer Mike ya kwashi Grammy 3 a 2024 yana dab da shekara 50. Sa'an nan a dubi abin da ya faru a 2024, lokacin da Kendrick da Drake suka kara da waƙoƙi. Duniya ta tsaya cak, mutane na bin baiti ɗaya bayan ɗaya suna tantance wanda ya yi kaye. An yi ƙazafi da tonon asirin iyali a ciki, abin da ba mu yaba ba. Amma yadda jama'a suka yi tururuwa ya nuna irin ƙishirwar fage da suke fama da ita. Waƙar Kendrick ta wannan karawa, "Not Like Us", Grammy 5 ta ci a 2025, kuma da ya tashi bikinta gida ya koma, ya tara mawaƙan yankinsu da 'yan unguwanni masu gaba da juna a kan dandamali ɗaya.

Abin sha'awa, a nan Afirka ta Yamma an ga abin da waƙar ke iyawa in ta riƙe mutanenta. A Sanagal, a watan Janairu na 2011, mawaƙan ƙungiyar Keur Gui da wasu 'yan jarida suka kafa Y'en a Marre saboda yawan ɗauke wuta da tsadar rayuwa. Suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, kuma suna cikin waɗanda suka hana Abdoulaye Wade zarcewa a 2012. A can ne kuma Xuman da Keyti suka fara karanta labaran mako da salon rap a 2013, ɗaya da Faransanci ɗaya da Wolof. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey da abokinsa Sams'K Le Jah suka kafa Balai Citoyen a 2013, wadda ta taka rawa a boren da ya kawo ƙarshen mulkin Blaise Compaoré na shekara 27 a 2014.

A nan Gana ma muna da namu darasin. Reggie Rockstone ya dawo daga Turai da Amurka ya yi rap da harshen Twi, aka samu hiplife. Obrafour ya fitar da "Pae Mu Ka" a 1999, cike da karin maganar Akan, har yau ana koyi da shi. 'Yan VIP daga Nima suka fito, suka cusa Hausa a cikin waƙoƙinsu a lokacin da wasu ke jin kunyar a san su 'yan zango ne, suka zama gwarazan mawaƙan ƙasa a 2004, suka kuma riƙa shirya wasan Sallah a kan titin unguwarsu. Black Sherif, wanda ya ci kyautar BET a 2023, da labarin wahalar saurayi mai neman na kansa ya yi suna, har ya sa wa wata waƙa sunan zangon Konongo inda ya tashi. Dukkansu da kayan gida suka yi fice. Ba wanda ya ci kasuwa don ya fi Ba'amurke iya zama Ba'amurke.

Saboda haka ga shawararmu ga samarinmu masu sha'awar wannan sana'a, a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ko Tamale. Kafin ku saka waƙa a intanet, ku rera ta a gaban mutanen da suka san ku. In kun ce kuna da abin da ba ku da shi, ku bari su yi muku dariya tun a gida. Labarin da za ku bayar yana ƙofar gidanku: kwatar da ke cika duk damina, 'yar kayayo da ke kwana a bakin kasuwa, wanda ya gama makaranta shekara biyar ba aiki, ɗan'uwan da ya bi hamada aka daina jin ɗuriyarsa, da kuma ɗan zangon da kakansa ma a nan aka haife shi amma ana tambayarsa ƙasarsu in ya je neman katin shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, aka ji shi har ƙasashen waje. Hausa kuma harshe ne da ya ƙoshi da karin magana da habaici da zambo, ba ta rasa komai da rap ke bukata ba.

Ga iyaye da shugabannin matasa da sarakunan zango kuma, hani kaɗai ba zai yi magani ba, tunda waƙar tana cikin aljihun kowane yaro. Abin da ya fi shi ne a gina fagen. A lokacin bukukuwan Sallah ko hutun makaranta a ware yamma ɗaya, a kafa lasifika a fili, a sa gasa mai ƙa'ida: ba zagin iyaye, ba tallar ƙwaya, ba faifai mai murya, kowa da bakinsa. A zaunar da dattawa masu jin Hausa cikin alƙalai, a ba wanda ya fi tsara magana kyauta ko da ta buhun shinkafa ce. Kuɗin da za a kashe bai kai na hayar rumfunan biki ɗaya ba. Yaron da ya san kakarsa na cikin 'yan kallo zai auna abin da zai faɗa, wanda kuma ya ga an tafa masa don ya faɗi gaskiya zai ƙara.

Mai ra'ayi daban, musamman cikin samari, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mana za mu buga. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.